Na'ura mai ƙwaƙwalwa a kolejojin Madarunfa: a fara da malami

Maganar shigar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, cikin makarantun gwamnati ta daɗe a bakin jama'a. Ana yin ta a taron uwayen yara, ana yin ta a ofisoshin ilimi, ana kuma yin ta duk lokacin da wata ƙungiya ta kawo gudummawar kayan aiki. Maganar ta shafi gundumar Madarunfa ƙwarai, domin gunduma ce mai yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum dubu 400 a cikinta, daga garin Madarunfa zuwa Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Ya wajaba ɗan koleji na gwamnati a wannan gunduma ya koyi aiki da wannan na'ura kafin ya bar makaranta. Amma aikin yana da tsari, kuma idan aka kuskure tsarin, kuɗi za su tafi, ilimi bai zauna ba. Abin da ya kamata a fara tanada shi ne malami. Bayansa sai ɗaki da wuta da kuɗin gyara. Na'urar ita ce ta ƙarshe.

Dalilin da ya sa aikin ya zama wajibi

Tsakanin Madarunfa da birnin Maraɗi tafiyar kilomita 25 ce ko kusa da haka. A Maraɗi akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, wadda ta daɗe tana horar da ƴaƴan ƙasa daga kowace jiha. Akwai kuma jami'ar da aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin kimiyya ɗan Maraɗi wanda ya riƙe muƙamin ministan ilimi. Yaron da ya ci jarrabawa daga kolejin ƙauye ya isa ɗayan waɗannan wurare, zai zauna benci ɗaya da ɗan birni wanda ubansa ya biya masa makaranta mai zaman kanta, ko ya saya masa na'ura a gida. Ɗan birni ya iya buga takarda, ya iya ajiye ta, ya iya aika ta. Ɗan ƙauye kuwa sai a ranar zai fara neman inda harafin farko yake. Basirarsu ɗaya ce, wataƙila ma na ƙauyen ya fi ƙoƙari, amma an sa shi tsere da ƙafa ɗaure. Makarantar gwamnati an kafa ta ne don ɗan talaka ya samu abin da ubansa ba ya iya saya masa. Idan ta bar wannan ilimi ga masu hali kaɗai, ta gaza a wani sashe na aikinta.

Wanda bai ci gaba da karatu ba ma yana da buƙata. A ofishin duwan na Ɗan Isa, kan hanyar Jibiya da Katsina, takardun kaya da na'ura ake cika su. A asibitocin karkara ana tattara lissafin marasa lafiya da na allurar rigakafi a aika wa gunduma. A ma'aikatar magajin gari ana rubuta takardun haihuwa. A fadamar noman rani ta Jiratawa, inda manoma suka daɗe cikin ƙungiyar haɗin gwiwa, akwai lissafin kuɗin ruwa, na taki da na bashi, wanda kuskure ɗaya a cikinsa ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa. A watan Fabrairu na 2021 an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Duk ranar da jirgi ya fara tafiya, tashoshinsa za su nemi masu rubutu da lissafi. In ƴaƴan gundumar ba su iya ba, daga wani wuri za a kawo masu iyawa, su kuma su tsaya ga dako da gadi a ƙasar kakanninsu.

Darasin telebijin ta makaranta

Nijar ba baƙuwa ba ce ga shigar da na'ura cikin aji. A 1964, shekara 4 kacal bayan samun mulkin kai, aka buɗe telebijin ta makaranta da taimakon Faransa. Cikin shekarun farko shirin ya kai azuzuwa kimanin 20 a Yamai da kewayenta, da yara wajen 800. Ana shirya darussa a gidan telebijin, ana nuna su a aji, wani mai kula da yara wanda aka ba shi ɗan gajeren horo yana bi da su. Masana ilimi daga ƙasashe da dama sun zo sun gani sun yaba, domin yaran sun kama Faransanci da sauri, kuma kaɗan ne suka bar makaranta. A 1968 har aka gwada kunna akwatin telebijin na wata makaranta kusa da Yamai da allon hasken rana, tun duniya ba ta saba da shi ba.

Duk da wannan yabo, shirin bai kai shekara 20 ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, telebijin ta ƙasa ta gaji gidan da kayan aikin. Ƙasar Kodebuwa ta ɗauki irin wannan shiri a 1971, ta faɗaɗa shi fiye da na Nijar nesa, ita ma ta rufe shi a 1982. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Shirin ya tashi ne a gefen makaranta ta yau da kullum, a hannun ƙwararru baƙi, da kuɗin waje. Malaman ƙasa da sufetoci da yawa ba su ɗauke shi nasu ba. Da lokacin faɗaɗawa ya zo, sai aka tarar kuɗin shirya darussa da na gyaran akwatuna sun fi ƙarfin baitulmali. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ba a saka cikin kasafin kuɗin ƙasa ba, ba a kuma saka shi cikin horon malamanta ba, ranar da mai taimako ya naɗe tabarmarsa, ranar yake fara mutuwa.

Wasu ƙasashe sun sake faɗawa wannan rami a zamanin kwamfuta. Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta saya wa yaran firamare ƙananan na'urori dubu ɗaruruwa, kowane yaro da tasa. A 2012 aka fitar da sakamakon bincike a makarantu 319 na karkarar ƙasar: yara sun iya taɓa na'ura, amma ba su ƙaru ba a lissafi, ba su ƙaru ba a karatu. Kenya ta yi alkawarin na'ura ga kowane ɗan aji ɗaya a 2013, ta fara rabawa a 2016, sannan a 2019 hukumomin ilimi suka ce za a koma ga gina ɗakin na'urori a kowace makaranta. Waɗannan ƙasashe sun fi Nijar kuɗi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Masu cewa lokaci bai yi ba

Akwai dattawa da malamai masu hankali da ke cewa maganar kwamfuta gaggawa ce. Hujjarsu mai nauyi ce, bai kamata a yi watsi da ita ba. A 2021 hukumomi da kansu sun faɗi cewa azuzuwan zana da kara a ƙasar sun kai wajen dubu 36. A watan Afrilu na shekarar gobara ta kashe yara 20 a wata makaranta a Yamai, a watan Nuwamba kuma wata gobarar ta kashe yara fiye da 20 a birnin Maraɗi, dukansu cikin azuzuwan zana. Makarantun da yara ke zama a ƙasa suna nan, da waɗanda littafi ɗaya ke yawo tsakanin yara da yawa. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: wanda ba shi da rufin aji, ina shi ina na'ura mai ƙwaƙwalwa?

Gaskiya ne, aji na siminti ya riga kwamfuta, littafi ma ya riga ta. Kuma yaron da bai iya karatu ba, babu abin da na'ura za ta ƙara masa. Don haka ne bai dace a fara da firamare ba, bai kuma dace a yi mafarkin na'ura ɗaya ga kowane yaro ba. Amma idan aka ce sai an gama gina aji na ƙarshe sannan a fara, to yaran da ke koleji yau za su tsufa ba su samu ba, domin yawan haihuwa yana ƙara buƙatar azuzuwa kowace shekara. Abin da ya dace shi ne a fara da kaɗan, a inda sharuɗɗa suka cika: koleji ko lise na babban garin kowace komin, mai gini na siminti da ƙofa mai makulli. Gundumar Madarunfa komin 6 gare ta. Ɗaki 6 masu aiki na gaskiya sun fi kwali ɗari da aka raba wa makarantu aka ɗauki hoto aka tafi.

Lissafin ba mai wuya ba ne. A ɗauki misalin kolejin da ke da yara 600, da ɗaki mai na'ura 20. Idan yara biyu suka zauna ga kowace na'ura, 40 ke shiga a lokaci ɗaya, wato rukuni 15 ke nan. Idan kowane rukuni ya samu awa 2 a mako, ɗakin zai yi aikin awa 30. Wannan yana yiwuwa cikin makon makaranta. Yaron da ya samu awa 2 kowane mako tsawon shekara 4 na koleji zai fita da abin da zai amfane shi har tsufa.

Malami kafin na'ura

Awa 30 ɗin nan ita ce ke nuna inda matsalar take. Aiki ne na malami ɗaya cikakke, ko na biyu da suka raba. Idan aka jibga shi a kan malamin lissafi wanda da ma yana fama da azuzuwa cike maƙil, ko aka ce darektan makaranta ya riƙe makulli ya buɗe in ya samu sarari, to ɗakin zai koma ma'ajiyar tsintsiya da tsofaffin takardu. Sau da yawa ba lalacewa ke hana amfani da na'urorin da aka bayar ba, tsoro ne. Darekta yana tsoron kada wani abu ya ɓace a tuhume shi, malami yana tsoron kada yara su gane bai iya ba. Sai a lulluɓe kayan da zane, a jira ranar zuwan baƙi.

Maganin wannan yana hannun ma'aikatar ilimi. Na farko, horon kwamfuta ya shiga cikin karatun malamai tun a makarantun horonsu, da jarrabawa da maki, kamar kowane darasi. Na biyu, malaman da ke bakin aiki a gundumar a riƙa tara su lokacin hutu a Maraɗi, inda jami'a da makarantar Ɗan Kasawa ke da ɗakuna da masana. Horon kwana 3 da takardar shaida ba ya wadatarwa. Ana buƙatar makonni, da komawa shekara bayan shekara. Na uku, wanda aka horar a bar shi a wurinsa aƙalla ƴan shekaru, kuma a horar da biyu a kowace makaranta, domin idan aka canza wa ɗaya wuri kada ɗakin ya rufe. Malaman kwantaragi suna da yawa a makarantun karkara, kuma mutumin da bai san matsayinsa na baɗi ba, da wuya ya zuba ƙarfinsa ga sabon aiki. Wanda aka ɗora wa wannan nauyi ya cancanci a tabbatar da shi, a biya shi a kan lokaci. Na huɗu, darasin ya samu gurbi a jadawalin mako, sufeto ya riƙa duba shi, makinsa ya shiga takardar sakamako. Kowa ya san halin makaranta: abin da ba a ba shi maki, yara da uwayensu ba su ɗaukarsa da muhimmanci.

Wuta, ƙura da kuɗin gyara

A Nijar kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa. Jihohin Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna samun kaso mai yawa na wutarsu daga Nijeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A watan Agusta na 2023 aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, ba ta dawo ba sai a 2024. Wannan ya isa ishara cewa ɗakin karatu kada ya dogara ga waya kaɗai. Allah ya hore wa ƙasar rana, kuma ɗan jihar Maraɗi ne, Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya shafe shekaru yana shugabantar ofishin binciken hasken rana na ƙasa, wato ONERSOL, yana nuna cewa rana dukiya ce. Ƙaramar na'ura ta ɗauka a hannu ba ta cin wuta da yawa. Guda 20 ba su wuce ƙarfin ƴan allunan hasken rana da za a kafa bisa rufin aji ɗaya. Tunda da rana ake karatu, ba a buƙatar tarin batir masu tsada.

Sai dai allo yana son shara, batir yana mutuwa da zafi bayan ƴan shekaru, na'ura kuma ba ta shiri da ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda ke wuce awo 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ɗaki yana buƙatar silin, da tagogi masu rufuwa, da fanka, da mai gadi. Duk wanda ya kawo kyautar na'ura, gwamnati ce ko ƙungiya ko attajirin gari, ya kamata a tambaye shi tun ranar farko: wa zai gyara, da kuɗin wa, har shekara nawa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace komin ta ware wani abu cikin kasafinta na shekara, kwamitin kula da makaranta ya riƙe littafin kaya, a riƙa karanta shi gaban uwaye. Gyara kuma a ba matasan gundumar da suka fito daga makarantun fasaha, maimakon a jira wani ya taso daga Yamai saboda waya ɗaya da ta tsinke. Haka kuma a kiyayi karɓar tsofaffin na'urorin da wasu ƙasashe suka gaji da su. Kyautar da za ta mutu cikin wata 6 shara ce aka kawo.

Game da intanet, hukumar da aka kafa a 2017 don yaɗa fasahar sadarwa ta fito da shirin haɗa ƙauyuka, Bankin Duniya kuma ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin a 2020. Inda layi ya iso, makaranta ta cancanci zama ta farko da za a haɗa. Inda bai iso ba, kada a zauna jira. Ana iya zuba littattafai, ƙamus, taswirori da tsofaffin tambayoyin jarrabawa cikin na'ura ɗaya, sauran su riƙa ɗiba daga gare ta ba tare da an biya ko dala ba. Ga makarantar da ba ta da ɗakin littattafai, wannan kaɗai babbar riba ce.

Abin da za a koyar, da waɗanda za a koya wa

Wayar salula ta riga ta shiga ƙauyuka, yara da yawa sun iya aika murya da kallon hotuna. Wannan ba shi ne ilimin da ake nufi ba. Ɗan koleji ya kamata ya iya buga wasiƙa mai tsabta, ya iya shirya teburin lissafi wanda zai tara kuɗin shiga da na fita na ƙungiya, ya iya neman bayani ya kuma auna ko gaskiya ne, domin ƙarya da zamba suna tafiya a waya fiye da yadda suke tafiya a kasuwa. Ya san abin da ke cikin na'urar, ya iya buɗe ta ya share ƙura. Masu basira a nuna musu yadda ake rubuta wa na'ura umarni. Misalan darasi kuma a ɗauko su daga gida: awon ruwan sama na damina, farashin gero da wake a kasuwar mako, yawan kifin da masunta ke kamawa a tafkin Madarunfa, buhunan zogale da ke fita daga Jiratawa.

Harshe ma yana da wurinsa. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. To, kowace na'ura da za ta shiga makaranta a shirya ta yadda za ta rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, haruffan da ɗaliban yaƙi da jahilci suka sha wuya kafin su mallake su. Shirya hakan ba ya cin kuɗi. Yaron da ya ga harshensa ya fito daidai bisa allon na'ura zai san ita ma kayan aikinsa ce, kamar alƙalami.

Ƴan mata su samu rabonsu cikakke. Binciken lafiya na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 a Nijar an yi musu aure kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma tana cikin inda abin ya fi yawa. A 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ƴaƴa mata. Idan aka mayar da darasin kwamfuta na yamma, bayan an tashi, to an kore su ke nan ba tare da an faɗa ba, domin a lokacin suna gida wajen aiki, kuma uwaye ba su yarda ɗiya ta yi dare a hanya. Darasin ya kasance cikin lokacin karatu, kuma malami ya lura kada yara maza su mamaye na'urori mata su koma ƴan kallo.

Ranakun da babu makaranta kuwa, ɗakin ya buɗe wa manya. Magatakardan ƙungiyar manoma, ma'ajiyar asusun mata, mai kula da bankin cimaka, da duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana son ƙari, su zo su koya, su biya ɗan abin da aka yanke ya shiga asusun gyara. Uban da ya zauna ga na'urar da kansa ba zai bari a sace ta ba, ba zai kuma ce ɓata lokaci ɗansa ke yi ba.

Nauyin da ke kan kowa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikatar ilimi ita ke da horon malamai da jadawali da jarrabawa. Kantoma da shugabannin komin su ke da ɗaki da gadi da kuɗin gyara. Sarakuna da malaman addini su ke da bakin da uwaye ke saurare. Attajiran Maraɗi da ƴaƴan gundumar da ke aiki a wasu wurare, waɗanda ba su taɓa gajiya da gina masallatai da rijiyoyi ba, su tuna cewa koyar da ɗan talaka sana'a shi ma sadaka ce mai gudana. Masu kawo taimako daga waje a gode musu, amma a nuna musu tsarin gida su bi.

Ranar da za a auna wannan aiki, kada a ƙirga kwalayen da aka sauke daga mota. A je bayan shekara 3, ba tare da sanarwa ba, a ga ko ƙofar a buɗe take, ko malamin yana nan, ko ɗiyar manomi daga Gabi tana iya zama ta buga takardarta da kanta. Allah ya ba shugabanni ikon yin abin da ya dace, ya kuma albarkaci karatun yaran ƙasa.